Wanda Ya Ce "Na Amsa", Ƙofar Afil Ta Rufu Ke Nan?

Akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan jama'armu, masu ilmin boko da marasa shi, wai duk mutumin da ya buɗe baki a gaban alƙali ya ce ya aikata laifin da ake tuhumarsa da shi, to ya yanke wa kansa hukunci ke nan, ba shi da sauran ta cewa. In ka nemi dalili sai a ce maka ai magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wannan karin magana ya dace da zaman duniya, amma dokar ƙasa ba ta san da shi ba, shari'ar Musulunci ma ba haka ta tsara ba. Ɗaukarsa tamkar doka ya sa bayin Allah da yawa sun ƙare wa'adin ɗaurin da bai kamace su ba, alhali kuwa ƙofar ɗaukaka ƙara tana buɗe a gabansu, babu dai wanda ya nuna musu ita.

Kafin mu shiga batun doka, ya kamata mu fara duba yadda wannan kalma ta "na amsa" take fitowa daga bakin talaka. Duk wanda ya taɓa zama a kotun majistare da hantsin Litinin ya san abin da ake yi. Za a sauko da samari daga motar 'yan sanda bayan sun kwana biyu ko uku a caji ofis. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai karanto rahotonsa da Turanci, akawun kotu ya taƙaita shi da Hausa cikin jimla guda, sa'an nan a tambayi wanda ake tuhuma ko gaskiya ne. Shi kuwa tun daga can an riga an raɗa masa lissafin. In ya amsa, tara ce ko ɗaurin wata uku, a wuce wurin. In ya musa, sai a ɗage shari'a, a sa masa sharaɗin beli na ya kawo babban ma'aikacin gwamnati ko mai takardar gida, in bai samu ba a kai shi gidan waƙafi. Shekara da shekaru ke nan kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukuncin kome ba. Mutumin da ya san haka, ya kuma san ya bar iyali babu na cefane, ba ya bukatar a doke shi kafin ya amsa laifin da bai yi ba. Tsoron waƙafi kaɗai ya ishe shi.

A can ɗaya gefen kuma akwai wani irin amsa laifin, na masu hannu da shuni. A shekarar 1960 da aka kafa dokokin laifuffuka na Jihar Arewa ba a san wannan salo ba, amma yanzu ya zama ruwan dare: manyan lauyoyi su zauna da masu gabatar da ƙara, a rage yawan tuhuma, a daidaita a kan abin da za a mayar, sa'an nan mai gida ya zo kotu ya amsa. Ta irin wannan hanya ce tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Tafa Balogun ya sami ɗaurin wata 6 a shekarar 2005. Haka ma Cecilia Ibru, tsohuwar shugabar bankin Oceanic, ta sami wata 6 a 2010 tare da sallama dukiya mai yawan gaske. Waɗannan sun amsa ne ido buɗe, sun san abin da suka bayar da abin da suka karɓa. Kalmar da suka furta ita ce dai wadda yaron da aka kama da akuyar wani ya furta, amma wanda duk ya ce nauyinsu ɗaya bai yi wa gaskiya adalci ba.

To me doka ta ce? Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 36, ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake ji, a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu, a ba shi lokacin shirya kariya, a kuma bar shi ya ɗauki lauyan da yake so. Dokar gudanar da shari'un laifi ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu daga baya, ta ƙara da cewa ba a ɗaure mutum a kan amsawarsa sai alƙali ya gamsu cewa ya fahimci tuhumar, kuma nufinsa shi ne ya amince da dukan ginshiƙan laifin. In kuwa laifin na kisa ne, ko da mutum ya ce ya aikata, alƙali zai rubuta cewa ya musa, a kawo shaidu a tabbatar. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe tsohuwa ce, tana nan tun cikin dokar 1960, kuma ita kaɗai ta isa ta nuna cewa masu tsara doka ba su taɓa ɗaukar bakin mutum a matsayin hujjar da ba ta kuskure ba.

Daga waɗannan sharuɗɗa ne hanyoyin afil suke ɓullowa. A ce an tuhumi mutum da satar keke, aka tambaye shi, ya ce, "Na ɗauka, ranka ya daɗe, amma jingina ya ba ni a kan bashin da nake binsa." Wannan bai amsa sata ba, ya kawo hanzari ne, kuma wajibin alƙali ne ya rubuta masa musu a saurari shaidu. In aka yi biris da rabin maganarsa aka ɗaure shi da rabi, kotun sama tana da ikon rushe hukuncin. Haka abin yake in ba a karanta masa tuhuma cikin harshensa ba, ko in abin da ya amince ya yi bai kai laifi ba a idon doka, ko in kotun ba ta da hurumin sauraron irin wannan ƙara, ko in ta bayyana cewa tsoratarwa ko yaudara ce ta sa ya amsa. Kotun sama ba ta cika sakin mutum kai tsaye a irin wannan hali ba, sau da yawa umurni take bayarwa a sake shari'ar a gaban wani alƙali. Duk da haka, sake shari'a da shaidu ya fi zama a kurkuku a kan jimla guda da aka fassara cikin gaggawa.

Mutanenmu da dama suna zaton wannan duk dabara ce ta lauyoyin boko, wai shari'ar Musulunci ba ta san wannan jeka-ka-dawo ba. Ɗaliban fiƙihu a cikinmu sun san akasin haka ne. Labarin Ma'izu sananne ne a littattafan hadisi. Ya zo da ƙafarsa ya yi iƙirarin zina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi ta kau da kai daga gare shi, ya bincika ko lafiyar hankalinsa ƙalau, ya tambaye shi ko dai abin da ya yi bai kai zina ba. Da aka ba shi labarin cewa Ma'izu ya yi yunƙurin gudu sa'ad da ake zartar da hukunci, sai ya nuna da ma an ƙyale shi. Daga nan malamai, har da na mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, suka fitar da hukuncin cewa wanda ya yi iƙirarin laifin haddi irin wannan yana iya janye iƙirarinsa, a kuma karɓa daga gare shi. Alƙalin da ya yi farat ya cafke iƙirari, ya ƙi barin mai shi ya waiwaya, ya bar koyarwar da ya ce ita yake bi.

Shari'o'i biyu da duniya ta yi ta surutu a kansu sun tabbatar da wannan, ko da yake masu surutun ba su cika karanta dalilan hukuncin ba. A watan Oktoba na 2001 babbar kotun shari'a ta Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa, bisa cikin da ta yi da kuma maganar da ta fito daga bakinta. Ta ɗaukaka ƙara. Ran 25 ga Maris, 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Sakkwato ta rushe hukuncin. Cikin dalilan da ta kafa akwai cewa abin da ake tuhumarta da shi ya auku ne kafin dokar ta fara aiki, ga shi kuma ba a yi mata bayanin laifin yadda ya kamata ba kafin a karɓi maganarta. A cikin wannan watan na Maris ne wata kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci. Ta janye iƙirarinta, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta ƙi saurara, ta tabbatar da hukuncin a watan Agusta na 2002. Ba ta karaya ba, ta haura sama. Ran 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta wanke ta da rinjayen alƙalai 4 cikin 5. Kotun ta ce tana da ikon janye iƙirarinta, ta ce ciki kaɗai bai zama hujja a kan sakakkiyar mace ba tun da Malikiyya sun yarda ciki yana iya kwanciya shekaru, ta kuma ce alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce ya zauna da mataimaka. Alƙalan Musulunci ne suka yanke wannan, da littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Abin da ya raba waɗannan mata biyu da sauran talakawa shi ne sun sami lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, waɗanda suka yi aiki a shari'ar Amina. Buba Bello Jangeɓe, wanda aka yanke wa hannu a Jihar Zamfara a watan Maris na 2000 saboda satar saniya, ba shi da lauya, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Hukuncin da aka zartar masa irin wanda babu kotun da za ta iya gyarawa ne.

Akwai kuma bambancin da jama'a ba su cika lura da shi ba, tsakanin ƙalubalantar samun mutum da laifi da ƙalubalantar nauyin horon da aka yi masa. Mutum yana iya cewa ya yi laifin, bai kuma janye ba, amma horon ya zarce abin da doka ta ƙayyade, ko alƙali ya jera masa ɗauri bayan ɗauri a inda ya kamata su tafi tare, ko bai kula da cewa laifin farko ne ba, ko bai lissafa zaman da ya yi a waƙafi ba. Wannan ƙofa ta fi ta farko faɗi nesa ba kusa ba. An kama Mubarak Bala a watan Afrilu na 2020 bisa tuhumar rubuce-rubuce a Facebook da aka ce ɓatanci ne ga addini kuma suna iya tada fitina. Bayan kusan shekara 2 a tsare, ya amsa dukan tuhumar a Babbar Kotun Jihar Kano a watan Afrilu na 2022, aka ɗaure shi shekara 24. A watan Mayu na 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da ɗaurin shekara 5. Ba mu kawo wannan misali don mu yi muhawara a kan abin da ya rubuta ba, kowa ya san matsayin akasarin masu karanta wannan mujalla a kai. Abin dubawa shi ne shekara 19 da ke tsakanin hukuncin farko da na biyu, a kan mutum ɗaya da amsawa ɗaya.

Takobin nan baki biyu gare shi, kada a manta. A watan Janairu na 2013 John Yakubu Yusuf ya amsa laifin cinye biliyoyin nairori na fanshon 'yan sanda, wata Babbar Kotu a Abuja ta ce ya yi shekara 2 ko ya biya tarar naira 750,000. Ya biya ya tafi gida. Hukumar EFCC ce ta ɗaukaka ƙara, kuma a watan Maris na 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da horon ɗaurin shekara 6 da biyan naira biliyan 22.9. A lokacin ba mu ji wani ya ce tun da ya amsa an yanke, magana ta ƙare ba. Kowa tafi ya yi. In an yarda gwamnati ta koma kotun sama domin horo ya yi sauƙi, da wane baki za a hana fursuna komawa domin horo ya yi tsanani?

Masu sukar wannan ra'ayi namu suna da hujja, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ta ba. Suna cewa in kowane mai laifi zai amsa yau don ya sami rangwame, gobe ya juya ya ce bai yarda ba, to shari'a ba za ta taɓa ƙarewa ba, shaidu za su watse, wanda aka zalunta kuma ya yi ta zarya har ya gaji ya bar wa Allah. Gaskiya ne akwai 'yan wasa da hankalin kotu. Gaskiya ne kuma wanda aka sace wa jarinsa shi ma talaka ne, yana da hakki a kan a gama masa shari'arsa. A Ingila ma, wadda muka gaji tsarin kotunanta, wanda ya amsa laifi a gaban majistare horon kaɗai yake iya kai wa kotun gaba, sai fa in ya nuna amsawar tasa ba ta inganta ba. Amma mu lura, babu wanda ya ce ɗaukaka ƙara daidai take da cin nasara. Nauyi yana kan mai afil ya nuna inda aka kauce, kuma wanda ya amsa a natse, da lauyansa a gefe, aka fassara masa kome aka rubuta, da wuya ya sami abin kamawa. Fiƙihu ma ya riga ya auna wannan: ɓarawon da ya janye iƙirarinsa ya tsira daga haddi, amma dukiyar mutane tana nan a wuyansa, domin hakkin ɗan Adam ba ya faɗuwa da janyewa. Maganin mai wasa da kotu shi ne a karɓi amsawa da kyau tun farko. In an yi haka, afil ɗin banza zai mutu da kansa a zama ɗaya.

Saboda haka ne muke ganin ƙaramin sashe na 18 na sashe na 270 na dokar 2015 kuskure ne. An rubuta a ciki cewa hukuncin da ya fito daga yarjejeniyar amsa laifi shi ne na ƙarshe, babu ɗaukaka ƙara sai in an yi zargin zamba. Sashe na 241 na Tsarin Mulki kuwa ya ba kowa ikon kai hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ba tare da neman izini ba, bai kuma ware wanda ya amsa laifi ba. Dokar majalisa ba ta isa ta ƙwace abin da Tsarin Mulki ya bayar ba, wannan kowane ɗalibin shari'a na ajin farko ya sani.

Babbar matsalar dai ba a rubuce take ba, a aikace take. Kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara daga kotun majistare, kwana 90 daga Babbar Kotu a shari'ar laifi. Ana iya neman ƙarin lokaci, amma sai an kawo dalili mai ƙarfi. Fursuna yana iya miƙa takardarsa ta hannun shugaban gidan yari. Tsarin Mulki ya ce a ba shi kofin hukuncinsa cikin kwana 7. Majalisar ba da taimakon shari'a tana nan tun 1976 domin wanda ba shi da kuɗin lauya, sai dai lauyoyinta ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da yawan masu bukata. Nawa ne cikin samarin da ake saukewa daga motar 'yan sanda suka san ko da ɗaya daga cikin waɗannan? Wanda aka ɗaure wata 6 sau da yawa yakan gama wa'adinsa kafin a buga takardun shari'arsa, sai ya ce to mene ne amfanin afil. Amfanin yana nan, domin tabon ɗauri ba ya fita ranar da aka buɗe ƙofar kurkuku. Ma'aikacin gwamnati yana iya rasa aikinsa a kansa. Wanda aka ɗaure kan laifin rashin gaskiya, Tsarin Mulki ya hana shi takarar majalisa ko gwamna har shekara 10. Ɗalibin da aka kama a hargitsin makaranta, ya amsa don ya samu ya rubuta jarrabawa, zai gamu da wannan amsawa a kowace takardar neman aiki da ta tambayi ko an taɓa ɗaure shi.

Kotun sama ba ta ga fuskar mai laifi ranar da ya amsa ba, ba ta ji rawar muryarsa ba. Abin da aka rubuta kawai take gani. In littafin kotu ya ce an karanta masa tuhuma da Hausa ya ce ya fahimta, ya amsa, to shi ke nan, ko da a zahiri ya ce "amma" sau uku. Nan ne maganar ta dawo kanmu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne rajistarori da akawuna da tafintocin kotu na yau, ko na gobe. Wasu za su sa kaki su zama masu gabatar da ƙara, wasu jami'an jin daɗin fursunoni, wasu kuma su hau kujerar majistare ko ta alƙali kafin su cika shekara 30. Akawun da ya rubuta maganar wanda ake tuhuma yadda ya faɗe ta, da "amma" ɗinta da kome, ya yi masa abin da babban lauya ba zai iya yi masa daga baya ba. Tafintan da ya tsaya ya warware wa mutum bambancin sata da cin amana kafin ya tambaye shi ko ya amsa, minti biyu kawai ya ƙara wa zaman kotu.

Muna kira ga manyan alƙalan jihohi da alƙalan alƙalai su ba da umurni cewa duk lokacin da aka yanke hukunci bisa amsa laifi, a gaya wa mutum da bakin alƙali cewa yana da ikon ɗaukaka ƙara, a faɗa masa yawan kwanakin da kotun da zai nufa, a kuma rubuta cewa an faɗa. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta haɗa kai da ɗaliban tsangayar shari'a a tsara takarda shafi guda, da Hausar boko da ajami, mai ɗauke da waɗannan bayanai da samfurin takardar afil da fursuna zai cike. A nemi izinin hukumomi a liƙa ta a ƙofar kotunan majistare da na shari'a da gidajen yarin da ke kewaye da jami'a, a kuma ware 'yan aji uku da aji huɗu su riƙa zagayawa kowane mako suna karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, tun kwana 30 ɗinsu ba su cika ba.